Burodin Baba da Motar Yola

Kwana huɗu ke nan Baba bai haɗiyi komai ba, in ban da ruwan da ake ɗiga masa da cokali, ranar da na iso Mubi daga Maiha inda nake koyarwa. Yayana ne ya kira ni da sassafe. Bai ko tsaya gaisuwa ba, ya ce in ina son in ga Baba kafin a tafi da shi Yola, to in taho yanzu, mota za ta zo ƙarfe biyu.

Sati uku kafin nan hawan jini ya kayar da Baba a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya yi kwanaki a asibiti aka sallame shi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne Hausa ta bar bakinsa. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin a Mubi, wanda da Hausa ya rene mu, da ita yake mana faɗa, sai ga shi in ya buɗe baki Kamwe ne ke fitowa, harshen da ya taso da shi a duwatsun Michika, shi ma a gutsure. Ni da Yaya gaisuwa kawai muka iya a cikinsa. Mama ta daɗe da rasuwa. Saboda haka aka ɗauko Goggo, ƙanwar Baba, ta zauna da shi tana faɗa mana abin da yake nufi, in ta gane.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu da ke leƙo shi kowace safiya. Ita ta ce maƙogwaronsa ya yi rauni, kada a ba shi komai sai kunu mai kauri da dankali da aka dama ya yi laushi. Ta ce abu mai tauri zai iya bin hanyar numfashi, kuma in ya bi, kafin a kai shi asibiti aikin gama ya gama. Baba ya sha kunun nan na kwanaki, rannan sai ya datse haƙora. In an kawo cokali ya kau da kai. In an matsa masa ya ture kwanon da hannun hagu.

Na same shi a kujerarsa ta katako a ƙarƙashin rumfa, an tokare shi da matasai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni da idon da ke buɗewa sosai. Wuyansa ya zama kamar na kazar da aka fige. Yaya yana tsaye yana cusa zannuwan gado a jaka.

Ya ce, "A can za su sa masa roba ta hanci, su riƙa zuba masa abinci. Likita ya rubuta takarda."

Na ce, "Shi Baban ya yarda?"

"Tun jiya nake tambayarsa, cewa yake to. Tsaya ki ji." Ya sunkuya ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Baba, za mu Yola, ko?"

Baba ya motsa leɓe da ƙyar. Abin da ya fito ya yi kama da "to". Ya sake faɗa, ya kuma sakewa, yana dukan hannun kujera da tafin hagu.

Yaya ya ce, "Kin ji ko?"

Na ji. Amma wanda ya yarda ba ya dukan kujera haka. Na tambayi Goggo ko kalmar tana da wata ma'ana a Kamwe. Goggo ba ta raba mace da namiji in tana Hausa, kowa "kai" ne a wurinta. Ta ce, "Kai ma ka ji, ni ban san wannan ba. Ba namu ba ne. Tun shekaranjiya yana faɗa, yana nuna can." Ta nuna ɗakin ajiya da haɓa.

Na matsa kusa da bakinsa har ina jin warin yunwa a numfashinsa. Na ce, "Baba, sake faɗa." Sai na ji wata 'yar iska a ƙarshen kalmar, wadda karkataccen leɓe ke haɗiyewa. Ba "to" yake cewa ba. "Tos" yake cewa.

A ƙuruciyarsa Baba kuku ne a gidan wata Baturiya malamar makaranta. Da za ta koma ƙasarsu ta bar masa wani ƙarfe na gasa burodi. Faranti biyu ne na baƙin ƙarfe, masu zurfi kamar tafin hannu, an haɗe su da maƙala a goshi, kowanne da dogon mariƙi mai kan katako. In ka buɗe shi sai ya wangame, shi ya sa muke kiransa bakin kada. Ana sa yankan burodi biyu da cuku a tsakani, a rufe, a ɗora a garwashi. Abin da ke fitowa shi Baba ke kira tos, yadda ya ji a bakin uwar ɗakinsa. Ba ya fito da ƙarfen nan sai da safiyar Kirsimeti, ko in wani cikinmu ya tashi daga ciwo. Kuma ba mai taɓa shi. Ko Mama ba ta taɓa wanke shi ba.

Na shiga ɗakin ajiya. Na ɗaga buhunan masara, na janye tsohon keke, na same shi rataye a ƙusa bayan ƙofa, a naɗe cikin buhun siminti. Da na fito da shi tsakar gida na warware, Baba ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya miƙo hannu.

Yaya ya ajiye jakar. "Me za ki yi da wannan?"

"Abin da yake nema ke nan."

"Gasasshen burodi? Ba a faɗa miki abin da nas ta ce ba?"

"An faɗa min."

"To ki mayar da shi inda kika ɗauko."

Ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Kuma gaskiya ita ce, tun da Baba ya faɗi shi ke masa wanka, shi ke ɗaga shi zuwa bayan gida, yana zuwa aiki Gella yana dawowa kullum, ni kuwa sau biyu kacal na zo. Ya san haka, na san haka. Amma na ce masa, "Yaya, ka bar ni zuwa ƙarfe biyu. In mota ta zo ba zan hana ba."

Ya matso kusa da ni. Sannan ya ce, a hankali, yadda Baba ba zai ji ba, "In ya sarƙe ya mutu a hannunki, ke za ki faɗa wa dangi. Ni ba ruwana."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce lokacin. Na tari keke napep na tafi kasuwa, layin masu kayan Kamaru, na sayi cukun nan mai laushi da ake yankawa kusurwa uku a naɗe da takarda mai ƙyalli, irin wanda Baba ya koma amfani da shi bayan na gwangwani ya ɓace. Na sayi burodi mai zafi da man shanu wurin wata Bafulatana a bakin hanya. Duk tsawon hanyar dawowa maganar Yaya nake juyawa. Sau biyu na kusa cewa mai keken ya tsaya in ba wani kayan in koma hannu wofi.

Tsatsa ta cinye cikin ƙarfen. Na zauna bakin rijiya da yashi da toka da lemun tsami ina gogewa har yatsuna suka yi ja. Na ɗauraye, na hura gawayi a murhu, na ɗora shi ya bushe, na shafa masa man gyaɗa na bari ya yi hayaƙi, na goge da tsumma. Tsumman ya fito baƙi. Na sake, ya fito da sauƙi. Goggo ta jawo murhun zuwa gaban kujerar Baba ba tare da kowa ya ce mata ba. Yaya ya zauna a kan turmi can gefe, waya a hannu, yana duba lokaci.

Na ɗauko burodin zan yanka, sai na ji ƙwas a kan kujera. Baba ne ya buga da zoben da ke yatsansa. Ya girgiza kai. Na ɗauka wuƙar ce ba ta yi masa ba, na sauya. Ya sake bugawa. Ya yi wata magana, Goggo ta kasa kunne.

Ta ce, "Wai na yau ne. Ya ce na jiya."

Na manta. Kwanannen burodi yake amfani da shi, sabo yakan lotse ya manne. Goggo ta shiga ɗakinta ta fito da ragowar wanda ta sha shayi da shi jiya. Yanka huɗu kawai za a samu a ciki. Ma'ana sau biyu zan iya gwadawa.

Na yanka, na shafa man shanu, na murje cuku a tsakani, na sa a ƙarfen na rufe. Akwai wani ɗan zobe da ake turawa ya riƙe mariƙan biyu, na tura shi. Gefen burodin da ya leƙo waje na yanke da wuƙa, yadda na sha ganin Baba yana yi. Na cusa kan ƙarfen cikin garwashi.

Ban san tsawon lokacin da ake bari ba. A yarinta ban taɓa lura ba, ni dai jira nake a miƙo min. Na ɗago ido in tambayi Baba, sai wayar Yaya ta yi ƙara. Direba ne. Na ji Yaya yana cewa, "To, ka sha mai ka taho, muna shirye." Hankalina ya tafi can. Ƙauri ne ya dawo da ni. Na fizgo ƙarfen na buɗe, ɓari ɗaya ya zama gawayi, ɗayan ko ɗumi bai yi ba, kuma ya manne don a ciki na shafa man maimakon a waje.

Yaya ya ce, "Ya isa haka."

Na kankare ƙonannen da cokali. Hawaye na zubo min, na bar shi a kan hayaƙi ne. Baba bai yi fushi ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan, don a da ko shayi ka zubar sai ka ji a jikinka. Ya nuna garwashin, ya shimfiɗa tafin hannunsa ya yi ƙasa da shi. Na gane, wutar ta yi yawa. Na baza garwashin na yayyafa toka a kai. Ya nuna man shanu, ya nuna bayan hannunsa. A waje ke nan. Na shafa a waje. Ya ɗaga yatsu biyu, na sa cuku biyu. Ya nuna tsakiya, na tattaro shi daga gefe.

Yankan ƙarshe ke nan. Na rufe na ɗora. Baba ya fara buga zobensa a kan kujera, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere ba gaggawa, idonsa a rufe. Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai wannan da ƙarar man da ke tsartsatsi a cikin ƙarfe. Can ya tsaya, ya kifar da tafinsa. Na juya ƙarfen. Ya ci gaba da bugawa. Ƙamshin ya tashi, na ga Yaya ya ɗago kai daga waya. Da Baba ya tsaya karo na biyu na janye, na ture zoben ƙarfen da wuƙa, na buɗe. Ya fito da kansa ya faɗo a faranti, zagayayye, ja kamar bayan waina, gefensa a liƙe.

A nan ne tsoron gaske ya zo. Muddin ina gashi, ban kai ga abin da Yaya ya faɗa ba. Yanzu ga shi a faranti.

Na yanka shi gida huɗu. Na cire ɓawon, na gutsuri cikin, inda cukun ya narke ya jiƙa burodin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa. Na tsoma a shayi don ya ƙara laushi. Baba ya kau da kai. Na gutsuri wani ban tsoma ba. Ya buɗe baki.

Goggo ta gyara masa zama ya miƙe sosai, ta sunkuyar da haɓarsa kaɗan yadda nas ta koya mata. Yaya ya taso ya tsaya a bayan kujera. Na sa masa a gefen hagu na bakin. Ya fara taunawa. Ban san taunar abu ɗaya za ta iya ɗaukar lokaci haka ba. Ina kallon maƙogwaronsa. Ya motsa sama, ya tsaya, ya sauka. Muka jira. Ya ja numfashi lafiya.

Na ba shi na biyu, ya wuce. A na uku na yi kuskure. Murna ta ɗebe ni na gutsura da ɗan girma, har da gefen ɓawo. Ya tauna, ya yi yunƙurin haɗiyewa, sai idanunsa suka fito. Ba tari, ba sauti. Bakinsa a buɗe, hannun hagunsa yana yaƙushin iska. Fuskar ta fara sauya launi.

Goggo ta ƙwala kiran sunan Yesu. Ni kuwa na daskare da faranti a hannu, ko yatsa na kasa motsawa. Yaya ne ya tura shi gaba, ya tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ya dake shi a tsakanin kafaɗu da gindin tafi. Shiru. Ya sake. A na huɗu ko na biyar Baba ya yi wani irin tari kamar ana yaga tsumma, ɗan guntun ya faɗo kan zanensa da yawu. Ya ja iska da ƙara, ya yi ta tari, hawaye na bin kumatunsa.

Farantin ya suɓuce min. Na zauna a ƙasa daɓas. Ina jiran Yaya ya faɗi abin da zai faɗa, kuma da ya faɗa da ban musa ba. Sai kawai ya durƙusa yana shafa bayan Baba, shi ma ƙirjinsa na hawa da sauka, gumi ya jiƙa masa riga.

Da numfashin Baba ya daidaita, sai ya nuna farantin da ke ƙasa. Yanka biyu sun tsira, ba su taɓa ƙasa ba. Na ce, "A'a, Baba. Ya isa. Don Allah ya isa." Ya girgiza kai, ya nuna farantin, ya nuna Yaya, ya nuna ni. Ya yi magana mai ɗan tsawo, mafi tsawo da na ji tun zuwana.

Goggo ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Wai ku ci. Ya ce tun safe babu wanda ya ci abinci a gidan nan, yana gani."

Haka kuwa aka yi, babu wanda ya ci. Yaya ya ɗauki yanka ɗaya, ya tsaya yana kallonsa kafin ya kai baki. Na ɗauki ɗayan. Ya riga ya huce, cukun ya fara daskarewa, kuma akwai ɗanɗanon tsatsa kaɗan. Muna ci Baba yana kallonmu. Goggo ta ga bakinsa a sake, ta ɗauko kwanon kunun da aka dama tun safe, ta kai cokali. Ya karɓa. Ya sha cokali shida ko bakwai kafin ya kau da kai.

Muna cikin haka aka yi hon a ƙofar gida.

Yaya ya dube ni. Na yi zaton zai tambaye ni ko har yanzu ina da magana. Da ya tambaya, ba ni da ita, abin da na gani ya ishe ni. Sai ya durƙusa gaban Baba, wannan karon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, mota ta zo. Cokali bakwai ba za su riƙe ka ba. Ina so mu je su duba maƙogwaron nan. In ka ƙi, zan sallami direban." Ya ce Goggo ta maimaita masa da Kamwe, ta maimaita.

Direban ya sake yin hon. Sannan Baba ya ɗora hannun hagu a kafaɗar Yaya, ya yunƙura alamar a ɗaga shi.

Na bi su. Na zauna a baya, kan Baba a kafaɗata, Goggo a ɗaya gefen tana riƙe da ƙafafunsa. Kafin mu kai Hong ya yi barci. Ni ban runtsa ba, kowane rami muka faɗa sai na kai kunne kusa da hancinsa.

A asibitin Yola wata likita ta tambayi abin da ya ci na ƙarshe. Na faɗa mata gaskiya. Ta cire tabarau ta dube ni, ta tambaye ni aikin da nake yi. Na ce koyarwa. Ta ce da ta zaci wanda ya yi karatu zai fi haka hankali, kuma in gode wa Allah da yayana yana wurin. Aka sa masa robar. Ya yi sati biyar da ita, ya tsane ta, sau biyu yana fizge ta. Bayan an cire ya koma cin tuwo mai laushi da miyar kuka, aka dawo da shi Mubi. Hausarsa ta dawo kaɗan-kaɗan, ba duka ba. Ya ƙara shekara ɗaya da wata huɗu a duniya.

Ni da Yaya ba mu taɓa daidaitawa a kan ranar nan ba. Shi yana cewa saura ƙiris in kashe Baba saboda taurin kai. Ni ina cewa da an ɗauke shi a yadda na same shi, da haƙora a datse, da bai kai Yola da niyyar warkewa ba. Matarsa ta hana mu tayar da zancen in ana cin abinci. Watan jiya da na je Gella na kwana biyu a gidansu, mun sake yin musun a kan hanyar raka ni tasha, har motar Mubi ta cika ta tashi ta bar ni, na jira ta gaba.